Rainon ɗan kwikwiyon da zai zama ɗan jagorar makaho: yadda ake auna abincinsa daga sati takwas zuwa wata goma sha huɗu

Tambayoyi biyu ne ke ta dawowa daga masu sha'awar wannan aiki a Yamai: ta ina ake farawa, kuma abinci nawa ake zuba wa kwikwiyon a rana. Ta biyun ce ta fi ba mutane wuya, don haka a kanta za a fi daɗewa a nan. Kare ɗan jagora yakan yi wa makaho aiki na wajen shekara takwas, kullum yana tafe da ƙafa. Idan aka cika masa ciki yana ƙarami, gaɓoɓinsa ne za su biya bashin, kuma karen da ke ɗingishi ba ya tsallakar da kowa titi.

1. Ka san inda aikinka ya tsaya

Mai raino ba shi ke koya wa kare jagora ba. Makarantun karnuka kan ba da kwikwiyo yana da sati bakwai zuwa takwas, su karɓe shi yana tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, sannan ƙwararru su ɗora masa horon watanni da ɗamarar jagora. Haka ake yi a Faransa, haka ma a Afirka ta Kudu, inda ƙungiyarsu ke aiki tun 1953. A Faransa ana ƙiyasta kuɗin kare ɗaya, daga haihuwa har a miƙa shi, a kan Yuro 25,000, wato sama da miliyan 16 na sefa, amma kyauta ake ba makaho. Aikinka shi ne ka miƙa kare lafiyayye, marar tsoro, marar kwaɗayin abin da aka yar a ƙasa.

Kafin ka ɗauko kwikwiyo, ka daidaita da wanda zai yi horon ƙarshe, ka ji da wane harshe yake ba da umarni da irin abincin da yake so a ba shi. Ka kuma tuntuɓi ƙungiyar makafi ta ƙasa, UNAN, don su ne suka san masu buƙata da yadda zirga-zirgarsu take a gari.

Gargaɗi: kada ka ɗaura wa kwikwiyo igiya ka miƙa wa makaho da sunan gwaji. Karen da bai sami horon titi ba zai iya jefa mutum cikin lambatu ko gaban mota.

Sai mutanen gida. Za a tayar da maganar tsarki, gara a gama ta tun kafin kwikwiyo ya iso. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce aka fi bi a nan, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma hadisi ya halatta ajiye kare don farauta, kiwo da gadin gona. Ka kai wa malaminku batun karen makaho ya yi wa iyali bayani, ka ware masa kwanukansa da wurin kwanansa nesa da wurin salla.

2. Kayan aiki

Irin da aka fi amfani da shi shi ne Labrador, sai Golden Retriever da gaurayensu, sai karen makiyaya na Jamus. Lissafin da ke ƙasa na Labrador ne, wanda namijinsa kan kai kilo 29 zuwa 36, macen kuma 25 zuwa 32. Gashinsa ya fi na Golden gajarta, abin da ke da amfani a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40.

Abin da ya wajaba ka tanada: ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, sikelin auna mutum, kwano biyu na ƙarfe, bokiti mai murfi da ke rufuwa ruf, abin wuya mai laushi da igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi, usur, keji mai shan iska, da littafi ɗaya na rubuta awo. A cikin waɗannan duka, sikelin kicin ne mutane ke rainawa, kuma shi ne ya fi aiki. Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kwanon kwikwiyo dai bai sani ba. Gwangwanin tumatir ɗaya, a hannun mutum biyu, sai ya ba da awo biyu dabam, don wani yana tsatsa shi, wani yana yi masa tozo. Ƙarin giram 30 a kowane ci, sau uku a rana, ya kusa rubu'in abincin yini gaba ɗaya.

3. Likitan dabbobi a satin farko

Ka kai shi cikin kwana biyu ko uku da isowarsa, a auna shi, a buɗe masa karne, wato littafin allura. Allurar rigakafi ta haɗe, wadda ke kare shi daga farbo (cutar amai da zawo), cutar Carré (mai sa zazzaɓi da majina) da ciwon hanta, ana fara ta daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 ko 4 har ya cika sati 16. Ta ciwon haukan kare daga sati 12 ake yi. Maganin tsutsar ciki duk sati biyu har sati 12, sannan duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. Wannan ya shafi abinci kai tsaye: kwikwiyo mai tsutsa tumbinsa ya kumbura, bayansa ya rame, sai mai shi ya yi ta ƙara masa abinci alhali magani yake buƙata.

Ka tambayi likita ko allurar ta kwana a firiji. Da yawan ɗaukewar wuta a lokacin zafi, tambaya ce da ta dace, ba rashin kunya ba ce.

Gargaɗi: kafin allurar sati 16, kada ƙafarsa ta taka inda karnukan unguwa ke kashi. Ƙwayar farbo tana yin watanni a ƙasa da ranta. Alamarta amai, zawo mai jini da wari, da ƙin abinci. Wannan na likita ne a ranar, ba gobe ba. Ruwan jabel kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30 yana kashe ta a kan siminti. Kaska kuma tana sa cututtukan jini masu sa kare ya yi fari fat a dasashi, don haka a riƙa duba kunne da tsakanin yatsu kullum. Kada a ba shi maganin shanu ko na mutane bisa kintace. Farasitamol da ibuforofen suna iya kashe kare.

4. Zaɓen abinci

Abin da makarantu ke amfani da shi shi ne busasshen abincin buhu, wanda masu shago ke kira kuroket. Buhunan da ke shigowa Yamai galibi da Faransanci aka rubuta su. Nemi kalmar chiot ko junior, tare da grande race ko maxi, wato na kwikwiyon babban iri, da kuma aliment complet, ma'ana cikakken abinci ne da ba ya neman ƙari. Juya bayan buhun ka duba abu huɗu. Furotin kada ya gaza kashi 22 cikin ɗari, yawancin masu kyau suna tsakanin 26 da 32. Kalsiyom ya kasance wajen kashi 1 zuwa 1.5. Fosfor ya ɗan gaza kalsiyom kaɗan. Na huɗu, yawan kalori a kilo, wanda ake rubutawa kcal/kg, yawanci tsakanin 3,500 da 4,000. Rubuta wannan lamba a littafinka, da ita za ka yi lissafi.

Duba ranar ƙarewa, ka shinshina. Idan ya yi warin tsohon mai, ko ka ga hunhuna ko ƙwari, mayar da shi. Zafi yana saurin ɓata kitsen da ke ciki. Da zarar an buɗe buhu, a naɗe bakinsa a saka shi yadda yake cikin bokiti mai murfi, a ɗaki mafi sanyi, ba ƙarƙashin rufin kwano ba, a cinye cikin sati shida.

Gargaɗi: idan kana ba da cikakken kuroket, kada ka ƙara garin ƙashi ko ƙwayar kalsiyom don wai ƙashi ya yi ƙwari. Hanjin kwikwiyo ɗan ƙasa da wata shida bai iya ƙin kalsiyom ba, idan aka ba shi da yawa sai ya tsotsi fiye da buƙata, rarar kuma tana ɓata guringuntsin gaɓoɓi. Kishiyar wannan kuskure ita ce nama zalla. Nama yana da fosfor da yawa, kalsiyom kusan babu, sai jiki ya riƙa zare shi daga ƙashi har ƙafafu su lanƙwashe, wani lokaci ƙashi ya karye a ɗan tsalle.

Tuwo da miya fa? Karen gida yana rayuwa a kansu, gaskiya ne, amma ba a tambayarsa tafiyar shekara takwas da mutum a hannu. Kwikwiyo mai girma yana buƙatar wajen giram 3 na kalsiyom da giram 2.5 na fosfor a kowace kalori 1,000, kuma tuwon hatsi ba ya kusantar haka. Wanda ya ga dole sai ya dafa da kansa, to likitan dabbobi ya rubuta masa haɗin da giram-giram, da garin sinadaran da za a zuba. Idan buhu ne ya ƙare na kwana biyu ko uku, dafaffiyar shinkafa da dafaffen nama marar kitse ko ƙwai, ba gishiri, ba magi, ba yaji, za su riƙe shi. Na kwanaki ne, ba na watanni ba.

5. Lissafin awon rana

Lissafin hawa uku ne, kuma kalkuletar waya ta isa.

Na farko, auna kwikwiyon. Hau sikeli kai kaɗai, sake hawa riƙe da shi, cire na farko daga na biyu. A yi da safe kafin ya ci.

Na biyu, fitar da abin da jikinsa ke ƙonawa yana kwance. Ninka nauyinsa da kansa sau uku, danna alamar √ sau biyu, sannan ka ninka da 70. Misali kwikwiyo mai kilo 16: 16 sau 16 sau 16 ya ba da 4,096. Danna √ ka sami 64, sake dannawa ka sami 8. Takwas sau 70, kalori 560.

Na uku, ninka da lambar shekarunsa. Ƙasa da wata huɗu, sau 3. Wata huɗu zuwa shida, sau 2.5. Wata shida zuwa kusan shekara, sau 2. Idan girma ya tsaya, wajen sau 1.6. Abin da ya fito ka raba shi da kalorin da ke cikin giram ɗaya na abincinka. Idan buhu ya ce 3,700 a kilo, to 3.7 ke nan a giram.

Ga yadda yake fitowa da buhu mai 3,700:

Sati 8, kilo 6: kalori 805, giram 220 a rana, ci huɗu na giram 55.
Wata 3, kilo 10: kalori 1,180, giram 320, ci uku na wajen giram 105.
Wata 4 da rabi, kilo 16: kalori 1,400, giram 380, ci uku.
Wata 7, kilo 22: kalori 1,420, giram 385, ci biyu.
Shekara ɗaya da ɗoriya, kilo 28: kalori 1,360, giram 370, ci biyu.

Dubi layuka ukun ƙarshe da kyau. Kare ya tashi daga kilo 16 zuwa 28, amma kwanonsa bai ƙaru ba, har ma ya ɗan ragu. A nan ne yawancin masu raino ke zamewa. Sun saba ƙara abinci duk sati a watannin farko, sai su ci gaba da ƙarawa don sun ga kare ya yi tsawo. Dalilin da ya sa awo ke tsayawa shi ne saurin girma ya ragu: abin da ƙarin nauyi ya ɗora, raguwar girma ta sauke.

Jadawalin da ke bayan buhu ma yana da amfani, sai dai a lura cewa yawancinsu suna tambayar nauyin da kare zai kai idan ya girma ne, ba nauyinsa na yau ba. Idan lissafinka da na buhu sun saɓa, fara da mafi ƙanƙanta. Labrador ya fi yawan karnuka saurin ƙiba, kuma karen Yamai da ke wuni kwance a inuwa saboda rana bai ƙona abin da na ƙasar sanyi ke ƙonawa ba.

Gargaɗi: duk lokacin da ka canza kamfani, sake lissafi. Giram 380 na buhu mai 4,000 ya fi na mai 3,500 da kalori 190 a rana.

6. Hannu ne ke yanke hukunci

Lissafi mafari ne kawai. Karnuka biyu ƴan ciki ɗaya za su iya bambanta da kashi 20 cikin ɗari ko fiye a buƙatarsu. Saboda haka duk sati, rana ɗaya tsayayyiya, bayan awo, a yi gwajin hannu.

Tsayar da shi, ɗora tafukanka a gefen ƙirjinsa ka shafa ba tare da dannawa ba. Don ka gane abin da kake nema, yi amfani da hannunka. Miƙe yatsunka ka shafa bayan hannu daidai gindin yatsu: ƙasusuwa suna jiyuwa ƙarƙashin fata ƴar siririya. Haka haƙarƙarinsa ya kamata su ji. Dunƙule hannun ka shafa wurin: idan sun fito tsuru-tsuru haka, ya rame. Juya tafin ka shafa gindin yatsu ta ciki: idan sai ka danna kafin ka ji ƙashi, ya yi ƙiba. Sannan ka dube shi daga sama, ya kamata a ga ƙugu ya ɗan shiga bayan haƙarƙari. Daga gefe kuma ciki ya ɗaga sama wajen ƙafafun baya. Likitoci suna da ma'auni mai hawa tara, kuma kwikwiyon babban iri ana son sa a hawa na 4, iyaka 5.

Idan ya yi ƙiba, rage kashi 10 cikin ɗari, wato giram 38 daga 380, ka jira sati biyu ka sake dubawa. Idan ya rame, kuma an tabbatar ba tsutsa ba ce, ƙara kashi 10. Kada a wuce haka a lokaci guda.

Baƙi za su ce kana hora shi da yunwa. Ga amsar da za ka riƙe. An yi wani bincike a Amurka a kan Labrador 48, aka haɗa su bibbiyu ƴan ciki ɗaya, aka riƙa ba ɗaya abincin da ya gaza na ɗan'uwansa da rubu'i, tun suna sati takwas har ƙarshen rayuwarsu. Sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna waɗanda aka rage wa sun kai shekara 13 a tsaka-tsaki, sauran kuma 11 da ɗan ɗoriya, kuma ciwon gaɓar kwatangwalo ya fi jinkirin kama su. Rage abinci ba ya hana kare kai girman da ya gada, sai dai ya kai shi a hankali, ƙashi da tsoka suna tafiya tare.

Kuma kada idonsa ya ruɗe ka. Masu bincike a jami'ar Kambirij ta Ingila sun gano a 2016 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na Labrador suna da wani canji a ƙwayar gado mai suna POMC, wanda ke hana su jin ƙoshi yadda ya kamata. A cikin karnukan taimakon naƙasassu da suka gwada, kusan uku cikin huɗu ne ke da shi, wataƙila don mai kwaɗayi ya fi saurin koyo idan ana saka masa da abinci. Irin wannan kare zai lashe kwano ya kalle ka kamar ya kwana uku bai ci ba. Haƙarƙari za ka tambaya, ba shi ba.

7. Lokacin ci da ladabin kwano

Da safe a auna abincin yini gaba ɗaya a zuba a roba ɗaya mai murfi. Kowane ci daga ciki yake fita, haka ma ladan horo. Idan roba ta ƙare, abincin ranar ya ƙare. A gidan da ke da yara da yawa wannan ita ce kaɗai hanyar da ke hana a ciyar da shi sau biyu. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin robar.

Lokutan salla sun fi agogo riƙuwa a ka. Mai ci huɗu: bayan asuba, hantsi, bayan la'asar, bayan magariba. Mai ci uku a cire na hantsi a mayar da na tsakiya wajen azahar, a inuwa. Mai ci biyu: safe da bayan magariba. A watannin zafi cin tsakar rana yakan ragu. Matsar da mafi yawan abincin zuwa safe da dare, kada a zuba masa romo don a lallashe shi. Kuroket ɗin da aka jiƙa da ruwa kuwa ba ya jira, abin da ya rage bayan rabin awa a zubar.

Tsarin kowane ci iri ɗaya ne. Ka ce “zauna”, ka ajiye kwano, ya jira. Da farko daƙiƙa biyu ta isa, a riƙa ƙarawa. Idan ya zabura, ɗauke kwanon shiru, sake farawa. Idan ya natsu, busa usur sau uku, sannan ya ci. Makarantar karnukan jagora ta Ingila tana yin haka ne don kare ya haɗa ƙarar usur da abinci, ta yadda makahon da ba ya ganin inda karensa ya yi zai busa ya dawo da gudu. Bayan minti 15 a ɗauke kwano ko da saura.

Ruwa kuwa ba a auna masa, ya kasance a gabansa kullum, a inuwa, ana canzawa sau biyu ko uku a rana. Babban kare yana shan wajen mililita 50 zuwa 60 a kowane kilo, kwikwiyo da lokacin zafi sun fi haka nesa.

Gargaɗi: awa ɗaya kafin ci da awa ɗaya bayansa, ba guje-guje. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji tumbinsu yana iya murɗewa. Idan ciki ya kumbura kamar ganga, yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, a ruga wurin likita ko da tsakar dare ne.

Canjin abinci a yi shi cikin sati ɗaya: kwana biyu rubu'in sabo, kwana biyu rabi, kwana biyu kashi uku cikin huɗu, rana ta bakwai sabo zalla. Madarar shanu tana sa da yawansu zawo, kuma bayan yaye ba ya buƙatarta.

8. Kashi a kan umarni

Ba a son maganar, amma makarantu suna korar kare a kanta. Makaho yana buƙatar karen da zai yi kashi da fitsari kafin a fita, a wuri ɗaya, a kan igiya, idan an ce ya yi, kuma kashin ya zama mai ƙwari da za a iya kwashewa da leda. Ci a kan lokaci shi ke kawo kashi a kan lokaci. Fitar da shi da zarar ya farka, bayan kowane ci, da bayan wasa. Yana ƙarami duk awa biyu. Zaɓi kalma ɗaya da ba a yawan faɗa a gida, faɗe ta daidai lokacin da ya tsuguna, sannan ka yaba masa. A koya masa a kan yashi da kuma kan siminti. Idan ya yi a ɗaki, laifin mai lura ne, a wanke a yi shiru. Duka tsoro kawai yake koya masa.

Kashi ma ma'auni ne. Idan na safe yana da ƙwari, na yamma kuma ya yi laushi kullum, kuma ba ya rashin lafiya, sau da yawa abinci ne ya yi yawa. A kwashe kashi nan take, musamman da damina, don ƙudan da ke sa tsutsa a fata a yashi mai fitsari da kashi yake yin ƙwai.

9. Abin ƙasa haramun ne gare shi

Titin Yamai cike yake da jarrabawa: ƙashin tsire, gutsuren burodi, ledar shinkafa da wake. Karen da ke sunkuyawa yana tsinta zai fizgi makaho. Fara a gida. Riƙe ƙwaya ɗaya a dunƙule, ya shinshina ya gaji, da ya ja baya ka ce “bari”, ka ba shi wata daga ɗaya hannun. Daga nan a ajiye a ƙasa a rufe da ƙafa, daga baya a wuce ta gefenta a kan igiya. Lada daga hannu yake zuwa, ba daga ƙasa ba, kuma ba daga tiren da iyali ke ci ba ko sau ɗaya. Idan za a ba da wani abu ba kuroket ba, kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, a kuma cire shi daga awo.

Gargaɗi: albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa ƙwayoyin jinin kare, kuma kusan kowace miya tana da su. Goro, ganyen shayi, kofi da cakulan suna tayar masa da bugun zuciya. Inabi, ɗanye ko busasshe, yana iya kashe ƙoda. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji, abin da ya sa satin Babbar Salla ya fi kowane sati haɗari: a tsare shi nesa da wurin yanka da suya, a faɗa wa yara kada a jefa masa kitse. Maganin ɓera a ɗauke shi daga duk inda hancinsa zai kai.

10. Fita gari

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen kare ba ya wuce sati 14 ko makamancin haka. Abin da bai gani ba kafin nan yakan ji tsoronsa. Tunda allura ba ta cika ba, a hannu ko a mota za a fita da shi, ya ji ƙarar kabu-kabu da janareta, ya ga amalanke, raƙumi, tumaki, mai rawani, mai niƙabi, mai sanda. Minti goma ya isa. Bayan allurar ƙarshe sai tafiya da ƙafa, kullum yana gefen hagu, igiya sake, a tsaya a kowane bakin titi. A fara da layin unguwa, a kai ga tashar taksi, sai daga baya wurare irin su bakin Babbar Kasuwa, Wadata ko Gadar Kennedy. Idan ya maƙe wutsiya ya ƙi karɓar lada, an matsa da yawa, a ja baya.

Ɗora bayan hannunka a kwalta ko yashi na daƙiƙa bakwai. Idan ba ka iya jurewa, tafinsa ma zai ƙone. Fita bayan asuba da bayan faɗuwar rana. A dawo a cire ƙarangiya tsakanin yatsu. Haki mai tsanani, dalala da tangaɗi alamun bugun zafi ne: a kai shi inuwa, a zuba masa ruwa mai sanyi a jiki, a yi masa fifita, a tafi likita. Ba a sa shi bin babur ko tsalle daga bayan mota kafin ƙashinsa ya gama girma.

11. Kuɗi da miƙawa

Abinci ne babban kashe kuɗi. Bisa awon da ke sama, daga sati takwas zuwa wata goma sha huɗu zai ci wajen kilo 130, wato buhu tara masu kilo 15. Buhu ɗaya a giram 380 yana yin kwana 39. Tambayi farashin buhu yau, ninka da tara, ka ɗora allura uku ko huɗu, maganin tsutsa wajen sau takwas, maganin kaska na duk shekara, da ƴan jikkunan da za ka ɓoye don ciwon ba-zata. Wajen kwatanta buhuna, raba farashi da yawan kwanakin da buhu zai yi, don mai araha mai ƙarancin kalori yana saurin ƙarewa. Kayan da ake shigowa da su sukan yanke a shago, saboda haka sayi na gaba tun saura na kwana goma.

Idan aka yi masa fiɗiya, wanda lokacinta mai horo da likita ne ke tsayarwa, buƙatarsa takan ragu. A dawo gwajin hannu duk sati na wata biyu. Komawa abincin manyan karnuka ana yin sa tsakanin wata 12 da 15, da canjin sati ɗaya kamar yadda aka faɗa. Ranar miƙawa ka tafi da karnen allura, littafin awo, abincin sati ɗaya a cikin buhunsa na asali, da takarda mai ɗauke da giram nawa yake ci, ƙarfe nawa, kalmomin umarninsa, kalmar kashinsa, da abubuwan da har yanzu suke razana shi.